Fuskar Inna da Na Wanke

Wata huɗu bayan rasuwar Inna na wayi gari ban san a wane kunci take da tsaga bakwai ba. Mahaifiyata Bagobira ce, ko da yake ba ta taɓa taka ƙasar Gobir ba. A Garwa aka haife ta, a can wanzami ya yi mata tsagen gidansu, shida a kunci guda, bakwai a ɗayan, sun tashi daga gefen baki sun baje har kusa da kunne. Ina ƙarama na sha hawa cinyarta ina bin su da yatsa, tana buge mini hannu tana cewa in bar mata fuska ta huta. To ran nan ina sharar shago sai tambayar ta faɗo mini: hagu ne ko dama? Na jingine tsintsiya na rufe ido. Ina ganin ɗankwalinta, ina ganin haƙorinta na gaba da ya ɗan ɓalgace, amma tsagen ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Abin kunyar shi ne ni mai ɗaukar hoto ce, kuma babu wanda na ɗauka sau da yawa kamar ita.

Shagona yana Birik, unguwarmu ta Hausawa a babban birnin ƙasar, wato Briqueterie a takarda, wani ɗan ɗaki tsakanin tela da mai turare, a gangaren da hayaƙin masu tsire ke saukowa da yamma. Na Baba ne. Shi ya koya mini aikin tun lokacin fim da ɗakin duhu, da ya rasu na ci gaba, don Yayana ya ce shi shanu yake so, ya koma kasuwar shanu ta Etoudi. Mutanen unguwa sun yi ta surutu cewa mace da shago, daga baya suka gane amfanin abin: ni ina shiga har uwar ɗaki ranar suna da ranar buɗar kai, inda namiji ba zai leƙa ba. Madam foto suke ce mini, yara da manya.

A wurinmu hoto ba ya fita daga shago sai an wanke shi. Haka muke cewa, wanki. Baba yana yi da fensir mai tsini a jikin fim, ni kuma na samu kwamfuta. A ɗan ɗaga hasken fata, a share ƙuraje, a cike ramin ido, in akwai tsaga a shafe ta ko a rage mata kaifi. Ba mu muka ƙirƙiro ba, mutane ke nema. Mace za ta zauna a kujera, kafin in ɗaga kyamara ta ce, “Madam foto, a wanke ni sosai fa, Duwala za a aika.” Wata ta ce in mayar da ita kalar ƙanwarta. Kuma Baba yana da doka ɗaya da bai taɓa sassautawa ba: hoton da ba a wanke ba asirin mai shi ne, kamar ka ga mutum bai gama sa kaya ba. Ba a nuna wa kowa, ba a ajiyewa. Shi ƙonawa yake yi. Ni da na gama wanki sai in ɗora sabon a kan tsohon, tsohon ya tafi har abada, ina jin na riƙe amana.

Hotunan Inna ma haka na yi musu, shekara da shekaru. Na Sallah, na bikin Yaya, na ranar da muka koma sabon ɗaki. Ba ta taɓa cewa in wanke ta ba, ba ta kuma taɓa cewa kada in yi ba. Takan karɓi hoton, ta riƙe shi nesa da ido, ta ce, “Hmm,” ta tura ƙarƙashin katifa. Ni kuwa na ɗauki wannan hmm ɗin a matsayin yabo.

Shekara biyu kafin ta rasu Allah ya nufa za ta je Umara. An ce takardun tafiyar duk ta waya ake cikewa yanzu, a ɗora hoto, na'ura ta duba ta amince. Na ce wannan ai wasa ne, gidan mai hoto. An rubuta ƙarara cewa kada a taɓa hoton, a turo shi yadda yake, don haka ban kai ta shago ba. Na fito da kujerar roba tsakar gida, na rataya farin zanin gado a igiyar shanya, na zaunar da ita da hantsi na ɗauka da wayata. Na tura. Na'urar ta ɗan yi juyi ta rubuto da Faransanci cewa ba ta ga fuska ba.

Ba ta ga fuska ba! Na dubi hoton, ga Inna nan ɓaro-ɓaro, ido biyu, hanci, baki, har da kwalli. Na matsar da kujerar cikin rana na sake. Ba fuska. Na ce ta ɗan ja mayafin baya. Wannan karon ta ga fuska, amma wai hoton ya ƙarce, in goge gilashin kyamara in sake. Sai da ta faɗi haka sau uku kafin na gane cewa tsagen Inna take kira ƙarcewa. Wallahi a lokacin da mutum ne a gabana da sai an raba mu. Amma waya ce a hannuna, ba ta da kunnen da zan ja, ba ta da uban da zan kai wa ƙara, ba lambar da zan kira wani ya ɗauka. Na yi ta ɗauka ina turawa, rana tana ƙara zafi, gumi yana bin wuyan tsohuwa. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta tambaya da Fillanci ko lafiya.

Can Inna ta gaji. Ta ce, “Ke, wai me ya sami fuskar tawa?”

Na ce, “Ba komai, Inna. Zan gyara ta.”

Na tafi shago na yi abin da na iya. Na ɗaga hasken, na shafe shida, na shafe bakwai, na tura. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba ta amince, har da 'yar koriyar alama ta taya murna. Na dawo gida da sauri ina taƙama na nuna wa Inna. Ta riƙe wayar nesa da ido kamar kullum, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini ta ce, “To, Allah ya kai ta lafiya. In ta je ta yi mini addu'a.” Na yi dariya har da riƙe ciki, na ba Yaya labari shi ma ya yi. Ta je ta dawo lafiya, don a filin jirgi mutane ne suka dube ta suka dubi takarda suka ce ta wuce. Ban sake tuna maganar ba sai da ta bar duniya.

Bayan rasuwarta gidan ya yi mini girma. Aurena ya mutu tuntuni, ban haihu ba, ni da ita ne muke zaune. Na rage girki, don tuwon mutum ɗaya ba ya tuƙuwa da daɗi, nakan sayi ƙosai a bakin titi in ci a shago. Nan nake wuni, ko da mai zuwa ko babu. A irin wannan zaman ne na buɗe hotunanta ɗaya bayan ɗaya ina neman tsagen, ban samu ko ɗaya ba. Wata mata ce fara sumul take kallona sanye da kayan Inna.

Ana haka wata rana wata mata ta shigo yin hoton fasfo. Bafillatana ce daga Gaundare, tana koyar da ilimin kwamfuta a jami'a, Hausarta tana da ɗan lanƙwasar Fillanci. Na tambaye ta yadda na saba, “A wanke?” Ta ce a'a, a bar ta yadda take. Na ce to Allah ya sa na'ura ta yarda da ita, daga nan bakina ya buɗe. Ni dai in na fara ba na iya tsayawa. Na ba ta labarin tsakar gida tun daga zanin gado har koriyar alama, ina yi ina buga tebur. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce abin da ya duba Inna shi ake kira ƙirƙirarriyar basira, kuma ba ƙiyayya yake yi ba, koyo yake yi daga tarin hotunan da aka nuna masa, in ba a nuna masa irinmu da yawa ba to bai san mu ba. Ta ce akwai masana da ƙungiyoyi da suke haɗa shawarwarin da za a miƙa wa hukuma kan yadda za a yi amfani da irin waɗannan na'urori a ƙasar nan, suna jin ta bakin jama'a, amma ba ta taɓa ganin ɗan Birik ko ɗaya a zaman ba. Ta ce in zo in faɗi abin da na faɗa mata, ba sai na buga tebur ba.

Na ce, “Malama, ni makarantata ba ta yi nisa ba.”

Ta ce, “Su tasu ta yi nisa, amma ba su taɓa zaunar da uwarsu a rana ba.”

Na je. Wani otal ne a tsakiyar gari, ɗakin taro mai sanyi kamar cikin firji. Kowa da ɗan kwali a gabansa ɗauke da sunansa da na ma'aikatarsa, ni babu nawa, sai na samu kujera kusa da ƙofa na zauna da jakata a cinya. Ni kaɗai ce mai hijabi, don Malama ɗankwali kawai take ɗaurawa. An yi ta magana da Faransanci mai maiƙo, wani lokaci a juya Turanci, ina kama rabi, rabi yana wuce ni. Lokacin shan shayi kowa ya nemi nasa, ni na tsaya jikin taga da kofi a hannu ina kallon taksi masu ruwan ɗorawa suna hawa tudu. Daga can ana hango hasumiyar masallacinmu. Ban taɓa jin Birik ta yi mini nisa irin na ranar ba, alhali da ƙafa ma zan iya komawa.

Da aka ba ni dama na miƙe na faɗi labarin da Faransancina na kasuwa. Na ce buƙatata ɗaya ce, a rubuta a takardar tasu cewa duk na'urar da za a ba aikin duba fuskar mutane a ƙasar nan sai an fara gwada ta a kan fuskokin mutanen ƙasar, har da baƙaƙe wuluk da masu tsaga da masu lulluɓi, kuma wanda ta ƙi a ba shi mutum mai ido ya dube shi. Shugaban zaman, wani babban mutum mai furfura da kwat, ya yi murmushi ya buɗe hannuwa ya ce, “Madam, dubi ɗakin nan. Dukkanmu baƙaƙe ne. Wannan damuwa ta mutanenmu ce da ke zaune a ƙasashen Turawa, mu nan gida muke.” Aka yi 'yar dariya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa ɗakin na gani, amma na'urar ba a ɗakin nan aka raine ta ba, kuma ranar da ta ƙi uwata ma a gida muke, tsakar gidanmu. Muryata ta ɗaga fiye da yadda na so. Ya ce ya ji, amma takarda irin wannan ba a gina ta a kan labarin mutum ɗaya, in ina da hujja in kawo a zama na gaba bayan wata biyu. Wani matashin injiniya ya ƙara da cewa in al'umma tana so na'ura ta san ta, sai ta ba da hotunanta a koya mata. Nan fa girman kai ya ɗebe ni. Na ce hotuna? Fuskokin Birik na shekara ashirin suna cikin kwamfutata, jarirai da amare da tsofaffi, zan kawo musu har su gaji da kallo.

Malama ta ce ba a ba da hoton mutum sai da izininsa, ni ma na san haka. Sai na shiga gida-gida, gidajen da na ɗauki sunansu da bikinsu, ina sallama ina bayani. Kai, na sha kallo! Wata ta ce, “Ki ba Turawa fuskata su yi me da ita?” Wata ta ce sai ta tambayi maigida, na san an gama magana ke nan. Kafin mako ya zagayo labari ya canza kama: wai Madam foto tana tara hotunan 'yan unguwa tana miƙa wa hukuma, don in an zo kame a san wanda za a ɗauka. Wanda bai zauna a Birik ba ba zai gane nauyin wannan maganar ba. Mu unguwa ce da in abu ya faru a ko'ina cikin gari mu ake fara tambayar takarda. Ban ga laifinsu ba, amma ya yi mini ciwo. Aka yi suna biyu a layinmu ba a kira ni ba, aka ɗauko wani mai hoto daga unguwar Tsinga ya tsaya a zaure ana fito masa da jariri. Matan da muke gaisawa a bakin famfo suka koma amsa mini da ka. Gida tara ne kawai suka yarda, yawancinsu don darajar Inna.

Na tara hotunan gidajen nan tara na kira Malama. Ta zo da la'asar ana yayyafi, ta zauna a kujerar da nake zaunar da masu hoto, na juya mata kwamfuta ina jiran yabo. Ta yi ta wucewa, ɗaya, ɗaya, ɗaya. Can ta tsaya ta ce, “Ina na asalin?”

Na ce, “Wane asali?”

“Kafin ki wanke.”

Na ce ai ba a ajiye wannan, na ma soma yi mata bayanin dokar Baba da alfahari, sai na ji muryata tana raguwa da kanta. Ta cire tabarau ta goge da bakin gyale. Ta ce a hankali, “'Yar'uwa, in muka ba na'ura waɗannan, abin da ta riga ta sani za mu sake koya mata.” Na dubi allon. Ga tsohuwar gidan liman, wadda na san baƙa ce kamar ni, ta fito jawur. Ga mai koko da billenta, babu billen. Shekara ashirin ina zaune a Birik ina ɗaukar mutanen wani gari da babu shi. Na je otal na ɗaga wa dattijo murya a kan na'urar da ba ta ganin mu, alhali ni na riga ta fara aikin, da hannuna, ana gode mini.

Malama ta tafi, ruwa ya ƙarfafa a kan kwano. Na zauna ban kunna fitila ba, ban rufe ƙofa ba. Kunya ce ta fi yawa, sannan baƙin ciki. Ina tunanin ranar zanin gado, ina jin haushin kaina, sai na tuna cewa hotunan ranar ba a shago na ɗauke su ba. Da waya ne. Guda ɗaya kawai na kai kwamfuta na wanke, sauran ban bi ta kansu ba saboda fushi. Wayar kuwa ta faɗa cikin baho bayan watanni, gilashinta ya mutu, na jefa ta cikin akwatin tsofaffin wayoyi da caja.

Washegari na kai ta kasuwar Mokolo, layin masu gyara. Mai gyaran ya juya ta ya ce da Turancin kasuwa ta daɗe da mutuwa, in sayi sabuwa mana. Na ce masa ba wayar nake so ba, abin da ke ciki nake so, kuma ba zan motsa daga bencinsa ba. Na wuni a nan, masu tura baro suna buge mini gwiwa. Da ya sa sabon gilashi ta kawo haske na fizge ta kafin ya buɗe komai. Ban duba a kasuwa ba. Na hau babur na koma shago, na sa sakata, na zauna a ƙasa.

Goma sha ɗaya ne. Ga ta nan a kujerar roba, baƙa, kyakkyawa, ta ɗaure fuska saboda rana, gumi a goshinta. Na buɗa hoton da yatsu biyu na bi tsagen kamar yadda nake yi ina yarinya. Shida a dama. Bakwai a hagu. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauki gawarta, har tela ya ƙwanƙwasa bango yana tambaya. Duk duniya babu hoton uwata na gaskiya sai waɗanda na'ura ta ƙi karɓa.

Hujja ta samu, amma mai ita ba ta nan balle in nemi izininta, kamar yadda na nema a gidajen mutane. Sai na tafi Etoudi wurin Yaya. Na same shi a bakin turke cikin taɓo, yana duba haƙoran wani bijimi. Na ja shi gefe na nuna masa. Ya daɗe yana kallo. Da na faɗi abin da nake so in yi sai ya miƙo mini wayar.

Ya ce, “Inna da ko a ƙofar gida ba ta tsayawa, ita za ki kai bangon otal ƙarti su zuba mata ido? Kuma a haka, da gumi, da ɗaurarren fuska?”

Na ce, “Yaya, a haka take.”

Ya ce, “Wanda ke falona ya fi mutunci. Ki bar ta ta kwanta.”

Wanda ke falonsa ni na wanke shi. Na ce masa waccan ba uwarmu ba ce, Inna ma da bakinta ta faɗa ranar hoton Umara, muka ɗauka wasa ne muka yi dariya ni da shi. Ya ce in na kai hoton nan wajen taron to in san cewa ba da yawunsa ba, kuma kada in zo masa da labari. Ya juya wurin bijiminsa. A taksi ina dawowa na yi ta juya maganar. Yana da gaskiya, Inna mai kunya ce. Amma na tuna yadda ta zauna a rana ba ta tashi ba, sau goma sha ɗaya, tana jiran a gan ta. Ban san ko na yi daidai ba, har yau ban sani ba. Na dai yanke shawara ni kaɗai, don babu wanda zan yanke da shi.

A zama na biyu an yi mini kwali, an rubuta mai ɗaukar hoto, Briqueterie. Malama ta haɗa wayar da babban allo. Hotuna biyu kawai na sa, gefe da gefe. Na ce na hagun nan na'ura ta ce ba fuska ba ce, na daman nan ta karɓa nan take. Na ce ta hagun ita ta haife ni. Ta daman ba a taɓa haihuwarta ba, ni na yi ta a shagona, kuma na yi irinta ɗaruruwa, don haka ban zo in nuna kowa da yatsa ba. Na ce mu da kanmu mun saba gyara fuska don ta shiga ƙofa, yanzu ga ƙofa ta zo da ba ta jin magiya, in ba a rubuta a takarda cewa ƙofar za a gyara ba, to fuskokin za a ci gaba da gyarawa har su ƙare. Wata mata a gaba ta taɓa kuncinta, na lura tana da 'yar tsaga ɗaya da hoda ta rufe.

Sai na hango wani a baya ya ɗaga waya yana ɗaukar allon. Ban san lokacin da na isa gabansa ba. Na ce, “Goge! Uwarka ce?” Ya ce don rahoto ne. Na tsaya a kansa har ya goge a gabana, na sa Malama ta kashe allon. Maganar Yaya ce ta dawo mini, kuma ban san ko akwai wanda ya riga shi ɗauka ban gani ba. Shugaban ya gode mini, wannan karon bai yi murmushi ba, ya ce za a duba.

Bayan wata uku Malama ta kawo mini takardar a shago, mai kauri, ta buɗe shafin ta sa yatsa. An rubuta cewa ya kamata a kula da bambancin fuskokin al'umma, kuma a tanadi hanyar da mutum zai duba wanda na'ura ta ƙi. Na karanta sau biyu. Na ce ina baƙaƙe wuluk, ina masu tsaga, ina lulluɓi? Ta ce an ga jimlar ta yi tsawo, kuma wasu sun ce ambaton tsaga zai sa a ɗauke mu mutanen da. Na yi dariyar da ba ta daɗi ba, na ce sun iya wanki su ma. Ta ce kada in raina, da babu layin gaba ɗaya, yanzu akwai, kuma shawara ce kawai, sai an ci gaba da bi. Na ce zan bi. Ina zuwa duk zaman da aka kira ni, har yanzu kusa da ƙofa nake zama, har yanzu ni kaɗai ce daga unguwarmu.

Yaya bai zo mini Sallah ba, ya aiko da nama ta hannun matarsa. A unguwa wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. Masu zuwa hoto har gobe suna cewa a wanke su, ina kuma wankewa, don fuskarsu ce ba tawa ba. Abin da na canza shi ne na karya dokar Baba: nakan tambaya ko in ajiye musu na asalin. Yawanci sukan ce in goge. Jefi-jefi wata takan ce, to, ajiye, kada dai ki nuna wa kowa.

Na buga ɗaya daga cikin goma sha ɗayan nan, na ƙarshe, na sa a gilashi. Ban rataye shi inda masu shigowa za su gani ba, yana bayan labule, saitin inda nake sallah. Bai fito sosai ba, fushi ya hana ni saita shi lokacin da na ɗauka. Bakinta a ɗan buɗe yake, kuma na san abin da take faɗa, don a daidai lokacin ne ta tambaye ni me ya sami fuskar tata. Kullum da safe in na buɗe shago na ɗaga labulen nakan ce, “Ba abin da ya same ta, Inna.” Amsar da ya kamata in ba ta ke nan tun ranar, tana zaune a rana tana jira.